Sun ce rota ne ya kwantar min da yaro, alhali an yi masa rigakafi: amsa ga ƙanwata ta Aboabo

Salamu alaikum ƙanwata, sannu da jinya, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi Ya raya mana shi. Tun shekaranjiya na ga saƙonki amma aikin dare nake, sai yau na samu na zauna. Bari in ɗan maimaita abin da kika ce saboda sauran iyaye mata da za su karanta. Yaronki ɗan wata tara ya fara amai da zazzaɓi cikin dare, kafin la'asar ɗin washegari gudawa ta ɓalle ruwa zalla, kuka je asibiti aka ba ku gado kwana huɗu ana ƙarin ruwa, likita ya ce rotabairus ne, wato ƙwayar cutar gudawa da muke ce wa rota. Ke kuma ruwan shansa dafawa kike, kofinsa da cokalinsa daban, an kuma ɗiga masa maganin rota a baki wajen weyin, wato awon yara a asibiti, to ta ina abin ya shigo kuma mene ne amfanin rigakafin? Sannan uwar mijinki ta ce haƙora ne kawai, da an bar shi da ya wuce da kansa.

Ni nas ce a ɗakin yara, na fara aikin nan tun kafin rigakafin rota ya zo Ghana, dan haka na ga yadda ɗakin yake da can na kuma ga yadda yake yanzu. Abu na farko dan Allah ki cire wa ranki cewa ƙazantarki ce ta jawo, na ji shi cikin rubutunki kuma ba ke kaɗai ba ce, uwaye da yawa sun zauna gabana suna kuka suna cewa anti nas wallahi ina wanke komai. Na yarda kina wankewa. Rota ba irin kwalara ba ce da tsaftar ruwa ke tare ta. Yaron da ke ɗauke da ita yana fitar da ƙwayoyin bila adadin cikin kashinsa, biliyoyi a ɗan abin da bai cika cokali ba, alhali waɗanda za su kama wani yaro ba su kai ɗari ba, kuma ƙwayar tana da taurin rai, tana yin kwanaki a kan tabarma, a kan fo, a hannun ƙofa, a kan abin wasa bata mutu ba. Ki duba gidan haya irin namu na zango, ɗaki goma sha biyu tsakar gida ɗaya, yara suna rarrafe kan siminti ɗaya, wannan ya tsotsi murfin roba ya yar wancan ya ɗauka ya kai baki, maƙwabciya ta canza wa nata pampas ta ɗauraye hannu da ruwa kawai sannan ta karɓi naki dan ki samu ki sauke tukunya. Ita ma bata yi laifi ba, zaman tare ne. Sau da yawa yaron da ya kawo ta gidan ma ba a gan shi yana ciwo ba, dan ana fara zubar da ƙwayar tun kafin gudawa ta fara, kuma manya na iya ɗauka su bayar ba tare da sun ji komai ba.

Abin da zai nuna miki haka shi ne Amurka. Kafin su fara rigakafin a 2006, da ruwan famfonsu da komai, kusan duk yaro sai ya kamu kafin ya cika shekara biyar, kuma duk shekara ana kwantar da yara tsakanin 55,000 zuwa 70,000 a asibiti saboda ita. Amma waɗanda ke mutuwa a can ba su wuce 20 zuwa 60 a shekara ba, a lokacin da duniya gaba ɗaya take rasa yara wajen rabin miliyan, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya. Ƙwaya ɗaya ce, kamuwa ɗaya ce. Abin da ya raba mu da su shi ne saurin mayar wa yaro ruwan da ya zubar, shi ya sa zan daɗe a kan maganar ruwan nan.

Kin lura lokacin da abin ya same ku? Cikin hunturu. Mu a nan haka take, daga wajen Nuwamba iskar nan mai ƙura ta fara kaɗawa har zuwa Fabrairu ko Maris, a nan ne rota take ƙarfi, Janairu da Fabrairu sun fi kowane lokaci. Mutane sun saba danganta gudawa da damina da ambaliyar kwata, to wannan kwalara ce da 'yan uwanta, rota kuwa lokacin sanyi da bushewa take so.

Yanzu me take yi a ciki. Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba, kamar sabon tawul yake mai gashi-gashi, waɗannan 'yan gashin su ke tsotse ruwa da abinci su kai jini. Rota kan bisansu take sauka ta cinye su, sai hanjin ya koma kamar tsohon tawul da ya ƙoƙe, ki zuba masa ruwa ya wuce kawai. Bayan haka tana fitar da wani dafi da ke sa hanjin da kansa ya riƙa tsiyayo ruwa daga jiki zuwa ciki. Shi ya sa kashin rota ruwa ne tsululu, wani lokaci da ɗan tsami-tsami, yana cika pampas ya gangaro cinya, amma ba a cika ganin jini ba. In kin ga jini da majina to wannan atini ne, wata magana ce daban kuma tana buƙatar magani daban. Daga shigar ƙwayar zuwa fara ciwo kamar kwana biyu ne, amai da zazzaɓi kan rigo, sannan gudawar ta biyo ta yi kwana uku zuwa takwas. Babu wani magani da ke kashe ta, jiki ne ke korar ta da kansa, gashin hanjin kuma ya sake tsirowa. Aikinmu duka, ni da ke da likita, shi ne mu riƙe yaron da ruwa a jikinsa har kwanakin su cika.

Abin da ya sa rota ta fi sauran gudawa kai yara gado shi ne aman nan. Sauran gudawa ana zubarwa ta ƙasa ne ke kuma kina zubawa ta sama, ana tafiya. Ita rota ta sama da ta ƙasa take buɗewa lokaci ɗaya, ga zazzaɓi yana ƙona nasa. Ki yi lissafin nan da ni. Yaro ɗan wata tara nauyinsa kamar kilo takwas ne, in ya rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a ruwa ya shiga matakin da muke kira bushewa mai tsanani, wato mililita 800. Ledar fiya wata ɗaya, ruwan shan nan na leda, mililita 500 ce. Kin ga ke nan abin da ke tsakanin yaronki yana wasa da yaronki yana kwance ba ya buɗe ido bai kai fiya wata biyu ba, kuma rota na iya fitar da wannan cikin yini ɗaya. Babba zai yi gudawa kwana uku yana zuwa kasuwar Kejetia yana dawowa, jariri ba shi da wannan ajiyar.

Akwai wani dare cikin Janairu da ban manta ba, shekarun baya. Wajen ƙarfe biyu aka shigo da yarinya 'yar wata bakwai, kakarta ce ta goyo ta uwar tana biye tana kuka. Da aka sauke ta maɗigarta ta faɗa kamar an danna babban yatsa cikin tuwo, an shafe wurin da wani haɗin gargajiya ya bushe ya yi ɓawo, idanunta sun zurma ba su rufe duka ba, leɓe ya tsage, tana buɗe baki za ta yi kuka murya bata fita, hawaye ko ɗigo babu. Na tsunkuli fatar cikinta na saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe zane. Hannu da ƙafa sanyi ƙalau. Muka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, duk sun lafe, sai da likita ya sa allura ta ƙashin ƙwaurinta aka fara tura ruwa ta nan. Kakar tana ta ce min tun shekaranjiya suke maganin maɗiga. Kafin a kira assalatu yarinyar ta motsa ta fara ƙananan kuka, hantsi na yi ta kama nono. Ba wani babban magani muka ba ta ba, ruwa ne da gishirin jiki. Ta rayu alhamdulillah, amma na ga waɗanda aka kawo a irin wannan halin an makara da awa biyu uku, kuma har yau in na tuna su raina yana ɓaci, dan abin da ya ɗauke su ledar ORS, garin gishiri da sukarin nan da ake haɗawa da ruwa a sha, da cokali za su iya tarewa tun ranar farko.

Maɗiga ba ciwo ba ce da kanta. Ƙoƙon kan jariri bai gama haɗewa ba, in ruwan jiki ya ragu sai wurin ya lotsa, in ruwa ya dawo ya ciko. Babu abin da za a shafa a kai ko a tura a ganɗa da zai ɗago ta.

Maganar haƙora kuwa, Hajiya uwar mijinki bata yi ƙarya ba a abin da idonta ya gani, ta raini yara ta ga suna gudawa daidai lokacin da haƙori ke fitowa. Amma ki duba me ke faruwa a wannan shekarun. Daga wata shida kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa tun yana ciki ta fara ƙarewa, a lokacin ya fara rarrafe, a lokacin aka fara ba shi koko da sauran abinci, dasashi na ƙaiƙayi komai ya samu sai baki. Haƙoran da rotar lokaci ɗaya suke zuwa, daga wata shida zuwa shekara biyu, shi ya sa aka ɗora wa haƙori laifi. Haƙori na sa dalala da ƙiwuya da ɗan ɗumin jiki, baya sa amai sau takwas da kashin ruwa sau goma. Kuma ƙanwata kada ki je ki ce wa Hajiya nas ta ce ba ki sani ba, ba za ki ci riba ba kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Ki ce Mma, ko haƙoran ne likita ya ce a riƙa ba shi ruwan nan da cokali, ki miƙa mata kofin. Kakanni sun fi mu haƙurin zama da cokali wallahi, in kin samu ta karɓi aikin nan kin samu babbar mataimakiya.

Abubuwan da nake roƙo a daina. Bentuwa, wato robar ɗure ta ƙasa, dan Allah, yaro yana gudawa a ɗura masa haɗin citta da barkono ko ganye ta ƙasa wai a wanke cikin, ƙarin ruwa ake fitar masa kuma ana ƙona hanjin da dama a gurje yake. Sai zuwa shagon magani a ce a ba ni Flagyl da Septrin na yara, waɗannan ƙwayoyin bakteriya da makamantansu suke kashewa, rota bairus ce ko a jikinta, kuɗinki ne ya tafi kuma Flagyl na iya ƙara tashin zuciya. Maganin tsayar da gudawa irin na manya kuwa haɗari ne ga ƙaramin yaro, yana kwantar da hanji ciki ya kumbura, ruwan yana nan yana taruwa a ciki ke kina murna ta tsaya. Minaral da jus na kwali da malt su ma a'a, sukarinsu ya yi yawa, janyo ruwa yake daga jiki zuwa hanji.

Abin yi shi ne ORS, kuma tun kashin ruwa na farko, ba sai ido ya zurma ba. Ki karanta bayan ledar dan iri biyu ne a kasuwa, akwai na mililita 600 akwai na lita ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne a juye leda cikin fiya wata ɗaya, ko a ɗebi rabin garin a zuba a kofi da ido, to in ruwan ya gaza gishirin ya yi yawa kuma wannan na iya cutar da yaro. Na 600 fiya wata ɗaya ne da kashi ɗaya cikin biyar na ta biyu, na lita ɗaya kuma fiya wata biyu cif. Ki juye garin duka, ki rufe, in ya kwana ya yini wato awa 24 ki zubar ki haɗa sabo. Yaron da bai kai shekara biyu ba, bayan kowane kashi ki ba shi mililita 50 zuwa 100, kamar kwata zuwa rabin kofin shayi, wanda ya haura biyu kuma 100 zuwa 200. Ba da fida ba, ba kuma ɗura ba, kada a toshe masa hanci a zuba, yana iya shaƙa ya tafi huhu. Cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai kada ki ce ai baya zama ki ajiye, ki jira minti goma ki ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk minti biyu zuwa uku, dan ko ya amayar wani abu ya riga ya wuce ciki. Aiki ne na gajiya, za ki zauna awa uku kina abu ɗaya bayanki ya ƙage, amma wannan zaman shi ne ke hana allurar ƙarin ruwa. In dare ne babu ORS a gida, lita ɗaya na dafaffen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe ba a tula ba, gishiri rabin ƙaramin cokali, ki ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri, wannan na riƙon ƙwarya ne kafin gari ya waye.

Tare da shi akwai zinki, ƙwaya ce da ke narkewa cikin cokalin ruwa ko nono. Ƙasa da wata shida miligiram 10, daga wata shida zuwa sama 20, sau ɗaya a rana kwana 10 zuwa 14. Yana rage kwanakin gudawar yana kuma taimaka wa hanji ya gyaru har ya rage sake kamuwa da gudawa na watanni biyu uku masu zuwa. Mutane da gudawa ta tsaya sai su ajiye shi, ki ƙarasa. Nono kuma kada a tsayar ko na awa ɗaya, a ƙara ma. Abinci ma haka, in ya karɓa a ba shi kaɗan-kaɗan, ruwan shinkafa, koko wanda ba a sa masa yajin nan namu ba, ayaba cikakkiya, ruwan kwakwa, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Tsohuwar maganar nan ta a bar ciki ya huta ita ke mayar da yaro ƙashi da fata.

Yaushe za a bar cokali a ɗauki hanya? In yana amayar da komai har nono, in ya ƙi sha ko ya kasa, in ya yi laushi yana ta barcin da ba na lafiya ba, in ido ya zurma ko maɗiga ta faɗa, in awa shida sun wuce bai yi fitsari ba, in kin tsunkuli fatar ciki ta daɗe bata koma ba, in akwai jini a kashi, in ya yi jijjiga, ko jikin ya yi zafi sosai. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa babu jira sam, haka ma yaron da dama yake da tamowa ko sikila. Kada a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa, kada a ce sai gari ya waye, a tari pragiya, keken nan mai ƙafa uku, a tafi asibiti mafi kusa, ki riƙe kofin kina ba shi a hanya. Ba dole sai babban asibitin Komfo Anokye ba, ƙaramin asibiti ma yana da ORS da ruwan ƙari, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ku. Kuma ki duba katin inshorarsa tun yanzu da yake lafiya, ana sabuntawa ta waya da *929#, na sha ganin an ɓata awanni a gida ana neman kuɗi saboda kati ya mutu ba a sani ba.

A asibiti ba kowa muke sa wa ƙarin ruwa ba, kuma in ba a sa wa naki ba ba raini ba ne. Wanda bushewarsa matsakaiciya ce kuma yana iya sha, ORS muke ba shi mililita 75 kan kowane kilo cikin awa huɗu muna kallonsa, wani ma ta robar hanci. Mai tsanani shi ake sa wa ta jijiya, mililita 100 kan kowane kilo, jariri cikin awa shida babba-babba cikin awa uku, da ya farfaɗo a koma baki. Muna gwada maleriya dan zazzaɓi a ƙasar nan ba a yi masa zato, muna duba sukarin jini dan yaron da ya yini baya ci sukarinsa na faɗuwa. Gwajin kashi na rota ba ko'ina ake yi ba, sau da yawa likita daga alamu da lokacin shekara yake ganewa, kuma ko an gwada ko ba a gwada ba maganin ɗaya ne.

To rigakafin. Wata mai bincike a Ostareliya, Ruth Bishop, ita da abokan aikinta suka gano ƙwayar a 1973, da aka duba ta a madubin likita sai aka ga kamar ƙafar keke take, daga nan sunan ya fito dan rota a Latin ƙafar keke ko ta amalanke ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta ce kowace ƙasa ta sa rigakafin cikin na yara. Ghana bata zauna jira ba, an ma yi gwajin ɗaya daga cikin magungunan a garin Navrongo da ke arewacin Ghana, kuma Farfesa George Armah na cibiyar Noguchi da ke Legon ya yi shekaru yana aiki a kan ƙwayar nan. A watan Afrilu 2012 aka fara bayarwa a ƙasa baki ɗaya, rana ɗaya da rigakafin ciwon huhu na nimoniya. Da farko Rotarix ne sau biyu, sati shida da sati goma, daga 2020 aka koma Rotavac na Indiya wanda sau uku ne, sati 6, 10 da 14. 'Yan uwanmu na Najeriya sai 2022 aka fara musu. Kafin 2012, a Korle Bu da asibitin yara na Princess Marie Louise a Accra, kusan rabin yaran da aka kwantar saboda gudawa rota ce, bayan rigakafin ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100. Ni ban buƙaci takarda ba ma, na tuna hunturun da muke haɗa yara biyu gado ɗaya, uwaye a kan benci riƙe da yara sandar ƙarin ruwa a gefensu, yanzu ana samu amma ba kamar da ba.

Me ya sa naki ya kamu duk da haka? Abu na farko ki buɗe littafin weyin ɗinsa ki ƙirga, layin rota sau nawa aka cike. Uwaye da yawa sun san na da mai sau biyu daga manyan 'ya'yansu, ko an yi tafiya arewa wajen sati 14 aka tsallake, kuma tunda foliyo ma ɗigawa ake a baki mutum na iya ɗauka duk ɗaya ne. In ukun sun cika to ga gaskiyar magana, rigakafin nan baya toshe ƙofa gaba ɗaya. A ƙasashen Turai yana hana mai tsanani sama da kashi 85 cikin 100, a ƙasashenmu kuwa wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku, masana na danganta hakan da yawan sauran ƙwayoyi a hanjin yaranmu da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wasu in sun ji haka sai su ce to me amfaninsa, ni kuwa cewa nake rabin yaran da da za su kwanta a gabana suna gida suna wasa, kuma tunda mu ne cutar ta fi kashe wa yara, rabin namu ya fi yawan rayuka nesa ba kusa ba. Yadda yake aiki ma shi ne, kamuwar farko ita ce mafi muni, ta biyu da ta uku suna zuwa da sauƙi, to ɗigon nan yana tsaya wa yaro a matsayin kamuwar farko ba tare da ya sha wahalarta ba. Ba zan iya rantse miki yadda naki zai kasance da ba a yi masa ba, amma na san su waye suka fi zuwa mana a sheme. Kuma rota kaɗai yake karewa, sauran masu kawo gudawa suna nan.

Tunda wata za ta tambaya, akwai wata matsala da ba kasafai ba inda hanji ke shigewa cikin hanji, an taɓa janye wani tsohon rigakafin rota a Amurka a 1999 saboda ita. Na yanzu haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai, binciken da aka yi a ƙasashen Afirka bakwai har da Ghana kan Rotarix bai ga ƙaruwarta ba. Duk da haka in jariri cikin satin da aka ɗiga masa ya riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafa zuwa ciki, ya yi shiru ya sake, yana amai ko kashi da jini, a kawo shi take.

Yanzu da kuka dawo gida, yana iya ci gaba da zubar da ƙwayar sati ɗaya ko fiye ko da kashin ya daidaita. Sabulu da ruwa bayan kowane pampas da kafin ki taɓa abinci, pampas ɗin a ƙulle a leda, fo da wurin da ya ɓata a wanke da ruwan bilic, kuma in akwai jarirai a gidan ki gaya wa iyayensu ba kunya dan su ajiye ORS kusa, kada ya koma wajen raino sai ya kwana biyu ba gudawa. In gindinsa ya yi ja ya saɓule, ruwa kawai za ki wanke da shi ki bar shi ya sha iska ki shafa man kaɗe. Ki ƙara masa ci sau ɗaya a kan yadda ya saba kullum har sati biyu dan ya mayar da abin da ya zube. In madarar gwangwani yake sha kika ga duk ya sha sai ciki ya yi ƙugi kashi ya tsinke, ki koma ki faɗa wa likita, hanjin ne bai gama warkewa ba, nononki dai ki ci gaba. In gudawar ta kai kwana 14 ku dawo ko da yana wasa. Sannan wata tara ne lokacin allurar ƙyanda da ta shawara, kada ki ce bai daɗe da tashi ba ki ɗaga, ki kai shi weyin na wannan watan da littafin da takardar sallamar asibiti, ki ce wa nas ɗin ta duba miki layin rota ta kuma auna shi ta gwada da nauyinsa na watan jiya.